Abin da Ya Tare Rimot

Zuwa na uku ke nan da mai gyara yake yi gidan saboda rimot ɗaya tal. Ya canza batir, ya canza wayar wuta, ya sa sabon idon karɓar saƙon rimot a ƙasan allon talabijin, duk a banza. In ka danna daga bakin ƙofa ya amsa, in ka zauna a kujerar tsakiya ko gezau.

"Malam, ni fa na gaji," in ji maigidan. "In bai gyaru yau ba, kwashe tarkacenka. Har surukina na yi wa tallarka, ga shi ka ba ni kunya."

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Kashe fitila ka zauna nan ka danna. Kyamarar wayar hannu tana ganin hasken rimot da ido ba ya gani."

Ɗakin kallon ba taga, duhu ya rufe su ruf. Mai gyara ya ɗaga wayarsa ya buɗe kyamara, maigidan ya danna yana tsaki. A fuskar wayar ɗan hasken ya fito yana ƙyaftawa, amma bai kai allo ba. Tsakiyar ɗaki ya tsaya, ya bazu kan wani abu mai kama da tsohon yadi, yana hawa yana sauka a hankali. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancin mai gyara.

Sai wata murya, kamar daga cikin randa, ta ce dab da kunnensa, "Kwana tara kuna haska ni, ban ce muku komai ba."