Ƙwaron Marigayiya

A durƙushe ta fara ganinsa, bayan ɗakin gwaje-gwaje, da siririn tiyo a baki yana zuƙo wani abu daga ruɓaɓɓen ganye zuwa cikin kwalba. Ta zo kawo wa mahaifinta tabaran da ya manta a gida.

"Bawan Allah, lafiya kuwa?"

Ya ɗago, ya ƙware. Dogo kenan, ɗalibin da ke nazarin 'yan tsalle, ƙananan ƙwarin nan na cikin ƙasa da ba su fi kan allura ba, masu wutsiya naɗe a ƙarƙashin ciki da suke ɓallewa da ita su yi sama. Ita kuwa Auta ce, 'yar Farfesa. Ta san ƙwarin tun kafin ta san haruffa. Muryarsa kawai take son ji.

Ba a jima ba saƙonni suka fara.

"'Yar Farfesa, yau na haɗiye guda biyu saboda ke. Alhakinsu na wuyanki."

"Dogona, ka riƙa cire tiyon idan za ka yi tunanina."

Farfesa bai yi murna ba. Ya ƙarar da idonsa a kan madubin ƙara girma yana ƙirga gashin jikin ƙwari don ya bambance su. Su Dogo kuwa wani guntun DNA suke karantawa, kamar lambar da ake manna wa kaya a kanti, sai na'ura ta ce waɗanda ido ke gani iri ɗaya ba iri ɗaya ba ne. "Masu niƙa" yake kiransu, don sukan niƙe ƙwaron kafin su ciro DNA ɗin. Ga kuma ɗan ƙanwarsa, likitan haƙori mai mota, yana yawan zuwa gaisuwa.

Da maganar aure ta taso, Farfesa ya kira Dogo ofis, ya ajiye 'yar kwalbar sifirit a kan tebur. A ciki akwai ƙwaro ɗaya kamar ɗigo, mai ruwan toka.

"Mahaifiyar Auta ce ta kama wannan da hannunta. Sunanta na sa wa irin. Yanzu 'yan uwanka na raɗe-raɗin ba iri ɗaya ba ne. Karanta mini ita, ka dawo mini da fatarta. In ka niƙe ta, kada ka sake taka ƙofata."

Wanda matarsa ta mutu yakan riƙe abin da ba wanda zai sunkuya ya tsinta, kuma ba a yi masa dariya a kai.

Akwai dabarar da ba ta niƙa. Ana jiƙa ƙwaron a ruwan magani, cikinsa ya narke ya saki DNA, fatar ta rage garau kamar ruwan maganin kansa. Amma kafin komai ana ɗaukar hotonsa. Kowane sabon ɗalibi ya san haka. Dogo kuwa, muryar tsohon na kunnensa, sai da ƙwaron ya nutse a magani sannan ya tuna.

Sakamako ya fito tas. Fatar ce bai gani ba. Ya duba gindin kwalbar, ya duba bakin bututun da ya zuƙi ruwan da shi, ya hana a kwashe shara. Ya daina ɗaga waya. Saƙonnin Auta suka riƙa shigowa.

"Hasken idona, na yi maka laifi ne?"

"Baba ya tambaye ni kai yau. Na ce aiki ne. Aiki ne ko?"

"In ka fasa, ka faɗa mini da bakinka. Likita na falo tun ɗazu yana duba haƙoran kowa."

Washegari ta zo da kanta. Ta same shi ya rame, tebur cike da tsumma da kwalabe. Ya faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, ta dai cire mayafinta daga kafaɗa ta ɗaure a ƙugu.

"Matsa. Kuma kada ka yi numfashi ta wajen nan."

A cikin murfin kwalbar ta sami fatar, manne da gefe. Ta ɗauko ta da gashin buroshi guda, ta sa a madubi, ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago, fuskarta ta sauya.

"Babu wutsiya. Nuna mini hoton farko."

Ya kawar da kai.

"Dogo. Ba ka ɗauka ba?"

Ta zauna a hankali. Can ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Idon Baba ya yi rauni yanzu. Ƙila ba zai lura ba."

"Ke kin lura. Da ke zan zauna."

Tare suka shiga ofishin. Dogo ya ajiye fatar, ya faɗi komai a tsaye, har da hoton. Farfesa ya jawo madubinsa, ya sunkuya. Fanka na juyawa, Auta na riƙe da bayan kujera.

"Da ka ɗauki hoton da ka huta da wannan ramar," in ji shi, bai ɗago ba. "Uwar Auta ce ta karya wutsiyar, da farce, ranar da ta kama ta. Hannu gare ta kamar na mai faskare. Na yi mata faɗa har muka kwana ba ma magana." Ya cire tabarau ya goge. "A kan wutsiya."

Sannan ya dubi Dogo.

"Nawa na'urar taka ta ce?"

"Iri uku ne a ƙarƙashin sunan."

"Tata fa?"

"Ita kaɗai ce a reshenta. Sunan yana nan a kanta, Baba."

"Ban zama babanka ba tukuna. Ka turo manyanka. Sauran biyun kuma ka kawo mini, sai na ƙirga gashinsu kafin in yarda."

Aka ɗaura aure bayan damina. Amarya ta yi kyau, ango ya mayar da jikinsa, tsohon ya sa albarka a taƙaice ya koma ofis. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya kuma jinkirta ranar da ɗayansu zai zauna shi kaɗai yana kallon abin da ɗayan ya taɓa.