Rigar Ruwan da Jaji Ya Sayar

A daminar da madatsar Bagauda ta ɓalle, Maharazu, wani manomin shinkafa a Bunkure, ya shiga kasuwar Kura neman rigar ruwa. Mahaifiyarsa na kwance da ciwon ƙirji, mai magani kuma ya ce saiwar da za ta sha sai a kan wani dutse ta wajen Rano. Sau biyu yana hawa ruwa na koro shi.

Ya tsaya rumfar Jaji mai gwanjo, rai a ɓace.

"Wadda ka ba ni bara tana yoyo kamar kwando. Yau ba wasa na zo ba."

Ya ɗaga wata ta leda, ya yar. Ƙaya ɗaya za ta keta ta. Ta biyu roba ce zalla, nauyinta kaɗai zai hana mutum hawa. Can ƙarƙashin tuli ya zaro wata koriya mai hula, ɗinkinta a liƙe ta ciki, maɓallai har wuya. Ya tuttula mata ruwan buta, ya zame tas.

Jaji ya kau da kai. "Ɗauki, Malam Maharazu. Kada dai ka dawo min da ita."

Magariba ta kusa sa'ad da ya kai saman dutsen. Ruwa na dukan hular, ko ɗigo bai shiga ba. Ya durƙusa ya haƙo saiwar.

Sai ya ji wari. Warin laka, irin ta ƙasan kanal ɗin noman rani.

Wani ruwa mai sanyi ya gangaro masa a gadon baya. Ya shafa rigar. Ba huda. Daga ciki ruwan ke fitowa.

Ya tura saiwar a aljihu. Wasu yatsu a cikin aljihun suka riƙe nasa. Sanyi ƙalau, a kumbure.

A cikin hular, daf da kunnensa, wani ya yi numfashi mai gurgurar ruwa.

"Ina kwance a laka aka tuɓe min ita."

Maɓallin wuya ya matse. Rigar ta miƙar da shi tsaye, ta fara jan sa gangare, wajen da rafi ke ruri.

Tsoro ya zo, amma haushi ya riga shi.

"Ni na tuɓe ka?" ya faɗa da kyar. "Uwata na can tana tarin jini! Je ka nemi ɓarawonka!"

Ya fizge hannunsa da saiwar. Ya zare wuƙa, yana a'uziyya, ya tsinke maɓallan ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe ya faɗo warwas, taku biyu tsakaninsa da bakin rafin.

Rigar ba ta faɗi ba.

Ta tsaya, ba kowa ciki. Hular ta juya yamma, wajen Kura. Ta fara sauka.

Iya ta sha saiwar, ta samu sauƙi. Ranar kasuwa Maharazu ya ɗauki gora ya nufi Kura, yana ta maimaita zagin da zai yi wa mutumin da ya tuɓe wa gawa riga ya sayar masa. Ya tarar da rumfar a rufe, maƙwabta sun yi jugum.

Da hantsi aka tsamo Jaji daga babban kanal, in ji su, sanye da koriyar rigar ruwa.

"Abin da ya ɗaure mana kai," wani dattijo ya ce a hankali, "ba maɓalli ko ɗaya a jikinta. Amma mu huɗu muka kasa cire masa ita. Da ita aka binne shi."