Filasha ta Biyu a Ɗakin Lefe

Salamu alaikum mutanena na Nima da Maamobi, har da ku 'yan unguwar Madina masu karantawa a ɓoye ba ku taɓa danna laik ba, ina ganinku. Ku gyara zama. Labarin yau ba na dariya ba ne sosai. Ni kaina da bakina ba ya hutawa, sai da na yi tsit da na ji shi.

Ranar Asabar bayan la'asar, Sufeto Ziblim yana ofis yana fifita da hularsa, don an ɗauke wuta tun safe. Sai ga hayaniya a ƙofa. Samari sun jawo wata yarinya, leɓenta a fashe, ɗankwali ya faɗi, jariri a bayanta yana tsala ihu. A gabansu wata Hajiya ce cikin leshi mai ƙyalli, muryarta ta fi ta kwandastan motar tirotiro.

"Ofisa, ga ɓarauniya mun kawo maka!"

"Ku sake ta tukun. Hajiya, sunanki?"

"Hajiya Zalia. Ni ce gwaggon ango. Yau muka kai lefe gidan amarya a Maamobi, ni na jagoranci mata. Sarƙar zinari tana cikin ƙaramin akwati, kowa ya gani, an yi guɗa. Da uwar amarya ta zo rufe kaya, babu sarƙa."

"Ita wannan fa?"

"Kayayo ce, 'yar dako. Ita ta ɗauko akwatunan a kai daga bakin titi."

Sunan yarinyar Hamdia. Daga arewa ta zo, dako take yi a Kasuwar Malam Atta. Hausarta ma guntu-guntu ce.

"Baba ofisa, ni bai shiga ɗaki ba. Na aje a ƙofa, na zauna jiran ruwa. Wallahi ni bai gani ba."

An caje ta, ba a samu komai ba. Hajiya ta ce ai ta miƙa wa 'yan uwanta, haka suke yi. Sufeto ya dubi samarin da ke huci a waje, ya san idan ya sake ta yanzu ba za ta kai bakin kwata lafiya ba. Ya sa aka tsare ta a bayan kanta, ita da ɗanta. Idan ba a gano gaskiya ba, Litinin sai kotu, kuma ku kun san wa zai tsaya wa kayayo a kotu. Babu.

"An ɗauki hoto a wurin?"

Hajiya ta gyara mayafi. "An ɗauka, amma kyamarar ta mutu. Kayan banza ne."

Sufeto ya sa hularsa, ya nufi shagon Wahab mai hoto.

Wahab dai kun san irinsu. Gemu a gyare, jaka a wuya, baki kamar rediyo.

"Cif, barka da zuwa! Fasfo ne ko na bango?"

"Kai ka ɗauki hoton lefen yau?"

"Ni da hannuna."

"Tun yaushe namiji yake shiga ɗakin buɗe lefe a Zango?"

Wahab ya sosa ƙeya. "To, Cif, kar ka faɗa wa masu bikin. Babbar kyamara tana wurina a waje. Ƙaramar na ba Shamima, ƙawar amarya, ta shiga da ita."

Ya ɗauko ta. 'Yar ƙarama ce, ruwan azurfa, irin wadda ake sawa a aljihu. Ya danna, ko motsi.

"Ka ba ta babu caji?"

"Haba Cif, kar ka ɓata min suna! A cike take fal. Wannan 'yar tsohuwar duk wani aibu tana da shi, tashi a hankali, ɗauka a hankali, amma batir? Ina yin ɗaurin aure da ita, in yi walima, in dawo gida da saura. Lefe ɗaya ba ya kashe ta."

"To me ya kashe ta?"

"Sai dai in wani ya zauna ya kunna allon ya daɗe yana wasa da shi. Allon ne ke shan batir kamar koko."

Kwamfutar Wahab ma ta mutu saboda rashin wuta. Sai suka kai batirin shagon wani mai aski da ke da janareta, aka jona. Sufeto ya ce wa mai askin ko uwarsa ce ta zo kar ya ba ta. Daga nan ya wuce gidan amarya.

Gidan ya yi sanyi. Tukwanen shinkafa a buɗe, ba mai ci. Aka kira Shamima, ta fito tana murza yatsu.

"Kyamara a hannunki ta mutu?"

"E, Ofisa. Ina cikin ɗauka ta ɗauke."

"Ba wanda ya karɓa?"

"Babu."

"Me kika ɗauka a ƙarshe?"

"Rabon abinci, da rawa."

"Kin tsaya kallon hotunan?"

"Ina na ga lokaci? Wannan ta ce ɗauke ni, waccan ta ce ɗauke ni."

"Mai ita ya ce ɗauka ba ta cinye batirinta, kallo ke cinyewa. Ke kin ce ba ki kalla ba. To ɗayanku yana min ƙarya. Kuma akwai yarinya a bayan kanta da jariri, bakinta yana jini. Sa'arki ce, Shamima."

Idonta ya kawo ruwa. Ta leƙa tsakar gida, ta rage murya.

"Ofisa, ƙawata ce za ta zauna da dangin angon nan. In na yi magana, ita za ta sha."

"In kin yi shiru, wata ce za ta sha."

"Hajiya Zalia ce. Ta ce in ba ta ta ga ko ta yi kyau. Ta shiga ɗaki da ita wai za ta yi salla. Ta daɗe. Da ta fito ta miƙo min, ta ce abin ya mutu."

Kafin magariba batir ya ɗan samu. Wahab ya saka, ya danna. Suka tsaya. Suka ƙara tsayawa. Cale, abokaina, tsohuwar kyamarar nan sai da ta yi miƙa, ta yi hamma, sannan idonta ya fito waje.

"Cif, tsaya in nuna maka halinta. Dube ni."

Haske ya ɗan yi wal. Sufeto ya ɗauka an gama, ya juya yana sosa kunne. Sai wani haske babba, fau!

Wahab ya nuna masa allon. Ga Sufeto guda, mai anini a kafaɗa, yatsa a kunne, baki a karkace.

"Na farkon na gyaran ido ne. Kowa yana zaton shi ne hoton, sai ya saki jiki. Na biyun ne na gaske. Shi ya sa nake cewa mutane kar su motsa. Shamima ba ta sani ba."

Sufeto bai yi dariya ba. "Buɗe na lefen."

Babu rawa. Babu rabon abinci. Hotunan sun tsaya a tsakiyar buɗe kaya.

"An goge," in ji Wahab. "Daga ƙarshe aka faro ana komawa baya, ɗaya-ɗaya. Kuma wannan kafin ta goge hoto ɗaya sai ta tambaye ka, ta yi tunani, ta juya. Batir ya ƙare mai gogewar bai iso inda yake nema ba."

Suka koma baya kaɗan. Ga mata sun jeru bayan ƙaramin akwati, amma duk sun kau da kai, sun juya wajen babban akwatin atamfa da ake buɗewa. Mutum ɗaya ce ba ta juya ba. Hannunta na dama yana kan mayafi, zinari yana lilo tsakanin yatsunta, idonta tsaye cikin kyamara, a firgice.

Sufeto ya karɓi kyamarar, ya sa a aljihu.

A ofis, Hajiya Zalia tana zaune kan benci tana jan carbi. Sufeto ya ajiye kyamarar a gabanta, allon a kunne.

"Hajiya, kin yi kyau?"

Ta kalla. Carbin ya tsaya.

"Gyara ta nake yi."

"A cikin mayafinki?"

Daga bayan kanta jaririn ya sake fara kuka, muryarsa ta dishe.

"Ba sata ba ce, ɗana," ta ce a hankali. "Aro ce. Ɗan ƙanena ba shi da ƙarfin zinari. Dangin yarinyar nan kuwa bakinsu ba kyau, da sun ga lefe babu zinari, har jikokinmu sai an yi musu gori. Na aro wurin wata ƙawata a Madina, a nuna, a yi guɗa, in mayar. Ana yi, ba ni na fara ba. Sai na ji uwar amarya tana cewa ita za ta kulle akwatin ta riƙe makulli. Hankalina ya tashi. Da haske ya yi, na ce an gama, na sa hannu. Sai na biyun ya haske ni."

"Da aka ce sarƙa ta ɓata, me ya hana ki ja uwar amarya gefe?"

"In ce mata mun kawo lefen aro? A gaban Zango?"

"Sai kika nuna wadda ba ta da kowa."

"Na ɗauka za a ɗan yi mata faɗa a sake ta. Ban ce su dake ta ba."

"Kin ce ɓarauniya a tsakiyar Maamobi, Hajiya. A nan kika tsufa, kin san abin da ke biyo baya."

Ta kwance bakin zaninta, ta ajiye sarƙar a kan tebur. Sufeto ya ce za a tuhume ta da ƙarar ƙarya da jawo duka, samarin ma za a nemo su. Wata kofur mace ta kama hannunta. Aka buɗe bayan kanta, ɗaya ta fito, ɗaya ta shiga. A ƙofar suka haɗu. Hajiya ta buɗe baki kamar za ta yi magana, Hamdia ta gyara goyonta ta raɓa ta wuce.

Sufeto ya ce za a kai ta asibiti a duba bakin. Ta girgiza kai.

"Baba ofisa, ka rako ni kasuwa tukun. Ka faɗa da bakinka ni bai sata ba. In ba haka ba, gobe ba mai ba ni kaya."

Ya ɗauki hularsa ya bi ta.

To mutanena, kar ku yi saurin zagin Hajiya, don na san lefen wasunku, har takalmin ciki na maƙwabta ne. Tambayata ɗaya. Kai ne a ɗakin nan, sarƙar aro a mayafinka, uwar amarya tana salati, ga kayayo zaune a ƙofa tana jiran ruwa. Za ka buɗe baki ka sha kunyar Zango, ko za ka ɗaga yatsa? Ku faɗa min a ƙasa, kuma ban da ƙaryar ustazanci.