Direbar da ke Tuƙi a Tsaye

Jirgin rataye, mai bin dogo ta saman gari, na shan kwanar kasuwar auduga ta Sabuwar Funtuwa, Barira ta saki sitiyari da hannu ɗaya ta laluba ƙugunta ta saman riga. Ta sami ƙwayar nan mai ɗan tudu a jikin jigidarta, ta matse. Jigidar ta yi ɗan ɗumi, alamar ta karɓi saƙo. Ba fasinjan da ya lura. Abin da kowa ya sani dai shi ne direbar layin kasuwa a tsaye take tuƙi, kujerarta na naɗe a bayanta.

Wasu suna cewa ƙwazo ne. Ina ƙwazo! Zama ne ya gagare ta. Ta daɗe tana fama da zafi a bakin gabanta, kamar an goga barkono, ba ƙurji, ba kumburi, ba abin da ido zai gani. Ta sha maganin sanyi har ta gaji. Gwaggonta ta ce gishiri ne, a kira wanzami. Barira ta ce aska ba za ta je wurin ba. Babban injin asibitin kamfani kuwa, wanda ake shiga cikinsa kamar akwati, ya haska ta sama da ƙasa ya ce lafiyarta ƙalau. Ga shi shugaban direbobi, Malam Tukur, ya ja mata kunne: dokar jirgi a zaune ake tuƙi, in ba za ta zauna ba akwai masu jiran kujerar.

Jigidar kuwa aikin Dakta Hansatu ce, wata likitar mata mai ƙaramin asibiti a bayan tashar Bakori. Wannan baiwar Allah ta san mutanenta. Ta ga yadda mace za ta zo ta ce mara, ta ce baya, ta karɓi magani ta tafi ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Masana sun ƙera injuna masu magana, to wace mace ce za ta gaya wa inji abin da ta kasa gaya wa uwarta? Sai Dakta ta ɗauko abin da mata suka saba ɗaurawa inda ba mai gani. Kowace ƙwayar jigidar tana ɗanɗana gumin fata, tana auna sinadaran nan da ake kira homon, masu tafiyar da al'ada da ciki da nono, musamman estrojin, wanda ke sa fatar wurin ta yi kauri da laushi. Ƙwaya ɗaya kuma ta matsi ce. In zafi ya zo, ki matse. Ba sai kin buɗe baki ba.

Da watanni suka tafi, Dakta ta kira Barira. Ta karɓi jigidar ta ɗora a faifan gilashi, sai zane biyu suka fito a bango, ja da kore.

"Zauna mana, ƙanwata," in ji ta. Sai ta yi dariya. "Au, kin ji ni! Yi tsayuwarki. Jan nan matsinki ne. Kin kusa fasa mini ƙwaya."

"Anti, da haƙori ne da tuni na cinye ta."

"Koren kuma estrojin ɗinki ne. Dubi yadda ya kwanta a ƙasa, sai ka ce na kakata. Shekarunki ba su kai nan ba. Me ke damtsenki?"

Barira ta shafa hannu. Ashanar aiki ce, wadda kamfani ke sa wa duk direba mace a ƙarƙashin fatar damtse. Tana ɗauke al'ada ɗungurungum, ba ciwon mara, ba neman hutu, jirgi ba ya tsayawa. Lokacin da aka kawo ta har biki aka yi.

"Ita ce?" Muryar Barira ta yi ƙasa.

"Ban ce ita ce ba. Na ce mai yiwuwa ne. Cikin masu ɗaura jigidata, na ga irin zanen nan a wasu masu shayarwa, da wasu da al'ada ta ɗauke musu, da 'yan jirginku da yawa. Amma akwai wadda korenta lafiya lau, tana kuka da zafin. Wata jijiya ce, wata tsokar wurin ce ta ɗaure. In na rantse miki na yi ƙarya. Abu ɗaya zan rantse a kai: ciwonki gaskiya ne, ba ke kika ƙirƙira ba."

Nan Barira ta juya wa bango fuska ta yi kukanta. Dakta ta bar ta ta gama.

"In an cire fa?"

"Mu cire, in ba ki mai na shafawa, mu jira. Zai iya sauƙi, zai iya ƙi. Kamfani kuwa kin san dokarsa."

Ta sani. Ba ashana, ba sitiyari. Ta tuna yadda 'yan unguwarsu ke ɗaga mata hannu daga rufin benaye. Sannan ta naɗe hannun riga.

Washegari da Malam Tukur ya ji an cire mata ashanar, sai ya riƙe haɓa. "Haba Barira! Ke da ba a taɓa kawo ƙararki kan tuƙi ba? Wai me ke damunki ne?"

"Yallaɓai, ciwon mata ne."

Ya yi saurin kallon silin. "To, to, Allah ya sawwaƙe. Ajiye makullin a nan."

Dakta Hansatu ba ta yi shiru ba. Ta kwashi zanen matan da suka yarda, ba suna ko ɗaya, ta je gaban manyan kamfani ta roƙi a dakatar da ashanar har a bincika. Suka saurare ta da ladabi, suka yaba wa jigidar, har wani ya tambayi ko ta sayarwa ce. Bayan ta fita suka zauna suka yanke shawara: a yi odar sababbin kujeru, masu laushi fiye da na da.

Sauƙi bai zo da gudu ba. Damina ta wuce, aka fara cirar auduga, Barira na taya yayarta saƙa a tsaye. Wata la'asar tana hira a ƙofar gida, sai mijinta Sabi'u ya tsaya da buta a hannu yana kallonta.

"Lafiya, Malam?"

"Ke, tun ɗazu a kan benci kike!"

Ta duba. Bencin katako ne, ko tabarma babu. Zafin na nan, amma can nesa, kamar garwashin da ya yi toka. Ta kai hannu ƙugu don sabo, ta fasa matsewa.

Sai ga jirgin layin kasuwa ya taho ta saman unguwa, yana sheƙi, bai makara ba. Barira ta ɗaga kai ta ga wadda ta gaje ta, Asabe, yarinya sabuwar ɗauka. Sabuwar kujerar na naɗe a bayanta. A tsaye take tuƙi.

Barira ta miƙe ta ɗauki mayafi.

"Ina kuma za ki?" in ji Sabi'u.

"Tasha. Akwai wadda zan raka wurin Anti."