Yatsun Ɗan Rijiya

Magariba ce irin ta kullum a unguwar Bulabulin ta Maiduguri. Ladanai sun fara kira daga masallaci zuwa masallaci, masu janareta suna ta fama da igiya, hayaƙin girki ya kwanta a kan rufin kwano ya ƙi tashi. Rahmat na tsakar gida tana juya itacen turaren wuta cikin narkakken sukari a kasko, sana'ar da ta gada ke nan, kuma har daga kasuwar Gamboru ake zuwa saro a wajenta. Mijinta Kashim ya tafi masallaci. 'Yarsu ɗaya tilo, Mu'mina, mai shekara tara, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa.

Dutsen farko cikin kaskon ya faɗo. Sukari mai tafasa ya fallatso mata a wuyan hannu, ta miƙe tana zagin 'ya'yan maƙwabta da iyayen da suka kasa yi musu tarbiyya. Ba ta rufe baki ba na biyu ya sami randa, randa ta rabe, ruwa ya malale har ƙarƙashin tabarma. Sai da ta sunkuya ta ɗauki dutsen sannan ta daina zagin. Jiƙaƙƙe ne, mai sanyi, duk gansakuka ta lulluɓe shi, alhali rabon garin da ruwan sama an daɗe. Kuma ba ta saman katanga ya zo ba. Daga lungun gidan ya fito, inda tsohuwar rijiya take, wadda aka rufe da kwano aka danne da tayar mota.

"Yaa, wani yana kuka," in ji Mu'mina, don haka take kiran uwarta.

Rahmat ta kasa kunne. Can ƙasa, ƙarƙashin kwanon, wani siririn kuka ne ke tasowa, irin na yaron da ya gaji da kuka amma zafi bai bar shi ya yi shiru ba.

Wannan rijiya tana da tarihi a gidan, domin gidan iyayen Rahmat ne. Mahaifiyar Rahmat, Kaka Gana, a bakinta take shimfiɗa tabarma bayan isha ta yi wa yara tatsuniya, da Hausarta mai ƙamshin Barbarci. Tana da wasu ɗabi'u da ake yi mata dariya a kansu. Kullum sai ta bar gefen tabarma na wajen rijiya babu kowa, in yaro ya zauna nan ta kore shi. Kuma ko da yara duk sun yi barci, ko cizon sauro ya ishe ta, ba ta tashi sai ta kai labari ƙarshe, ta tafa hannu ta ce, "Ƙurunƙus, na rufe, kowa ya koma gidansa." In an tambaye ta da wa take, sai ta ce tatsuniya ƙofa ce, wanda ya buɗe shi ke rufewa.

Wadda ta fi yawan yi ita ce ta yarinyar da ta faɗa rijiya garin ɗiban ruwa. A ƙasa ta tarar da wata mata da ɗanta, hannuwansa duk sun tsattsage saboda zaman ruwa. Yarinyar ta wanke masa su, ta kwaɓa lalle ta ƙunsa masa, har ya yi dariya. Matar ta ji daɗi, ta goyo ta ta fito da ita, ta ajiye ta a ƙofar uwarta. Shi ke nan labarin, ba jini ba tashin hankali.

Bayan rasuwar Kaka Gana, Rahmat ta fara naɗar muryarta a waya tana tura tatsuniyoyin cikin guruf ɗin matan da ke sayen turarenta. Da fari ba wanda ya kula. Manya ne fa, waɗanda suka ji ƙarar bindiga da kunnensu a garin nan, wa zai tsaya sauraron ƙunshin lalle? Rahmat kuwa akwai kai, kuma Allah ya ba ta murya. Sai ta juya labarin. A nata, yarinyar ba lalle ta samu a ƙasan rijiya ba, wuƙa ta samu. Ta danne ɗan matar, ta ce ko a fitar da ita ko ta yanke masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Rahmat ta kwaikwayi kukan yaron, ta kwaikwayi magiyar uwar, har ƙarar wuƙa a kan ƙashi ta yi da cokali a bakin kasko. Daidai inda wuƙa ta hau yatsa na uku ta yi dariya ta ce, "Mu haɗu gobe." Goben nan ba ta zo ba, domin odar turaren biki ta taso ta sha kanta. Murya kuwa ta fita daga guruf ta shiga gari, wannan ya tura wa wancan, har a wajen masu cajin waya ana kunna ta.

Jifan ya ci gaba kowace magariba. Kashim, mutum mai taurin kai, ya ce aikin mahassada ne. Ya janye tayar, ya ɗaga kwanon, ya haska tocila, wani dutse ya taso ya fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido. Tun daga nan bakinsa ya mutu. Maƙwabta suka daina aiko yara karɓar garwashi.

Ranar wata Laraba, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Mu'mina na cin tuwo sai ta tsaya cak da loma a hannu. Idanunta suka juye. Ta ɗaga hannun dama tana kallonsa kamar ba nata ba, sai ƙaramin yatsanta ya fara lanƙwasa ta baya, a hankali, ba mai taɓa shi. Rahmat ta yi tsalle ta damƙe hannun, ta ji da tafinta yadda ƙashin ke turjewa, sannan ya ce ƙas. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Baki ta buɗe, muryar wata tsohuwa mai kauri ta fito, da sanyin ruwa a cikinta.

"Ɗaya," in ji muryar.

Mai ɗori ya zo ya ɗaure yatsan da kara. Washegari na kusa da shi ya karye a ƙarƙashin ɗaurin. Yarinyar ta daina cin abinci, ta daina gane mutane, in an matso ta yi cizo har sai ta ga jini, ƙarti biyu ba sa iya danne ta. Rahmat ta rame ta zama abin tausayi. Tsoro ne ya cika ta, domin ta ji ƙirgar, kuma ta san yatsu ba su da yawa. Abin da zai biyo bayansu shi ne ba ta yarda ta yi tunaninsa ba.

Kashim ya tafi Tsohuwar Maiduguri ya ɗauko Goni Ba'ana, dattijon da ya haddace Alƙur'ani tun kafin a haifi Kashim ɗin. Bayan la'asar suka iso. Goni gajere ne, ba ya son surutu, bai ma karɓi ruwan da aka kawo masa ba. Ya dubi rijiyar, ya dubi yarinyar da aka ɗaure da laffayar uwarta a jikin turmi, ya zauna a ƙasa ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwar darbejiya ta tsallaka tsakar gida ta hau katanga. Da ya shiga Ayatul Kursiyyu, duwatsu suka fara zubowa kamar ƙanƙara, ɗaya ya tsaga masa leɓe, ya ci gaba da karatu jini na ɗiga a gemunsa. Mu'mina ta yi wata ƙara, ta fizge, laffaya ta yage, ta buga kanta da turmi. Sannan muryar ta fito.

"Ya isa, Goni. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Na riga kakan kakansu zama a nan."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Me nawa ɗan ya yi musu?" Kan Mu'mina ya juya a hankali har ya tsaya a kan Rahmat. "Tambaye ta. Tsohuwar gidan nan ta san mu. Tana bar mana wuri a tabarma. Kullum ta buɗe labari ɗana ya shiga, a wanke masa hannu, a sa masa lalle, ta rufe, in ɗauke shi mu koma yana barci. Wannan ta buɗe, ya shiga da murnarsa, ta sa aka danne shi da wuƙa, ta tashi ta bar ƙofa a buɗe. Yana ciki har yanzu."

Rahmat ta durƙusa. "Wallahi ban sani ba. Labari ne kawai, Baa Goni, labari ne," in ji ta, tana kiransa uba da Barbarci.

"Uwarki sau ɗaya take faɗa a dare," in ji muryar. "Ke kin zuba shi a hannun kowa. Duk wanda ya danna wayarsa, a Gamboru ko a Bulabulin, sai a sake yanka ɗana daga farko. Yatsu su tsiro, a sake yankewa. Ina zaune ina ji."

Goni ya share jinin bakinsa da hannun riga. A fuskarsa an ga abin ya taɓa shi, amma muryarsa ba ta sassauta ba.

"An zalunce ki, na ji. Amma wannan yarinya ba ta yanki kowa ba, kuma Ubangijin da ya halicce mu ya halicce ku bai ba ki jininta ba. Za a rufe labarin yanzu a gabanki, ki ɗauki ɗanki ki fita." Ya juya ga Rahmat. "'Yata, ɗauko wayar."

Rahmat ta goge tsohuwar muryar daga wayarta. Ta shimfiɗa tabarma a bakin rijiya, ta bar gefe ɗaya, ta danna naɗi. Ta ɗauko labarin daga inda ta yar da shi. Ta sa yarinyar ta jefar da wuƙa, ta tsince yatsun ta mayar, ta wanke, ta ƙunsa lalle. Kuka ya sha kanta sau da yawa kafin ta kai ƙarshe. Ta tafa hannu ta faɗi abin da uwarta ke faɗa, ta tura wa duk wanda ke cikin wayarta. Can ƙasa, siririn kukan nan ya tsaya.

"Ya yi barci," in ji muryar, kuma a karon farko ta yi laushi. "Zan fita, Goni, na rantse da wanda ka kira. Amma na farkon yana nan a wayoyin mutane. Wanda ya ji shi bai ji ƙarshen ba, ya sake buɗewa. Ɗana ba zai ƙara ɗaukar wannan wuƙa ba. Dole wani hannu ya ɗauka, kuma hannun gidan nan."

"Ba a cinikin jini a gabana," in ji Goni, ya ɗaga murya zai koma karatu.

"Ƙona ni. In na mutu 'yan'uwana suna nan, kuma su ba su taɓa zama a tabarmar tsohuwa ba."

Rahmat ta dubi hannun 'yarta, kumburarre, ɗaure da kara. Ba ta yi shawara da kowa ba.

"Ga nawa," ta ce.

"Kul!" in ji Goni. Kashim ma ya yi wuf zai toshe mata baki, amma magana ta riga ta fita.

"Na karɓa."

Mu'mina ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale ƙasa. Kwanon rijiya ya yi ƙara sau ɗaya kamar an ja ƙofa. Da yarinyar ta buɗe ido, ruwa ta nema, da muryarta ta yara. Goni ya tofa mata addu'a, ya miƙe, ya daɗe yana duban Rahmat da fushi da tausayi a haɗe. Ya ce ta riƙe azkar safe da yamma, kuma ta bi mutane ta roƙe su su goge muryar farko daga wayoyinsu.

Ta bi su. Gida gida ta shiga, rumfa rumfa a Gamboru, tana roƙo. Wasu suka goge a gabanta. Wasu suka ce sun goge. Wasu kuwa da suka ji dalili sai abin ya ƙara ba su sha'awa, suka nemi a turo musu su ji. Naɗi na biyun, mai lalle, kusan ba wanda ya tura wa wani, an ce ba shi da daɗi. Jifa ya tsaya a gidan, yatsun Mu'mina suka warke sumul. Na Rahmat kuwa suka shiga karyewa, ba sa gama ɗoruwa. Ta bar soya turare, don hannun ba ya riƙe muciya.

Bayan sallar layya suka shiga keke napep za su gidan biki, ita da Mu'mina, wadda aka yi wa ƙunshi har wuyan hannu tana ta juya shi tana kallo. A hanya wata budurwa ta shigo ta zauna gefensu, ta ciro waya tana murmushi.

"Hajja, kin taɓa jin wannan? Wallahi matar nan ta iya labari."

Rahmat ta buɗe baki za ta roƙe ta, amma budurwar ta riga ta danna. Muryarta ta da, mai daɗi, mai dariya a ciki, ta cika keken: "Ga ta nan, ga ta nan ku."

Ta jawo kan Mu'mina ta kwantar a ƙirjinta, ta toshe mata kunne da hannun hagu. Na daman ta cusa cikin laffaya, ta cije bakin mayafin da haƙora, ta jira a zo wajen wuƙar.