Inuwa a Hoto na Bakwai

Ranar da Auta ta fara ganinsa a ɓoye take, a lungun da ke tsakanin kabad da bango, cikin ɗakin marigayiya mahaifiyarta, da koren mayafin marigayiyar a kanta.

Bari in warware muku. Shekara biyu ke nan da rasuwar Umma, tela ce, kuma tun ranar Baba ya kulle ɗakin ɗinkinta ya ce ko zare kada wanda ya taɓa. Keken na nan da rabin riga a ƙarƙashin allura, almakashi a buɗe yadda ta ajiye shi, mayafin a kan ƙusa. Makullin kuwa yana ƙarƙashin babban agogon falo. Baba mai gyaran agogo ne, a tunaninsa ba mai ɗaga agogo sai shi. Auta kuwa da ya fita shago sai ta ɗaga, ta shiga, ta yafa mayafin, ta zauna tana shaƙar ɗan ƙamshin da ya rage.

To sai ga shi an shafa wa gidajen layin jan fenti, titi zai bi ta kansu. Yayan Auta da ke aiki can nesa ya ce kafin a rushe yana son ganin ɗakin Umma gaba ɗayansa, bango huɗu a hoto ɗaya. Ya turo abokinsa, wani mai yi wa dillalan gidaje hoton ɗakuna da waya. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta rako shi.

"Au, ƙofar a buɗe ma take," in ji Gwaggo. "Shiga ka yi da sauri, ɗan nan, kafin mai gidan ya dawo ya cinye mu ɗanye."

Ta koma kicin abinta.

Daga lungun Auta na kallonsa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya manne gwiwoyin hannunsa a haƙarƙari, ya ɗaga waya, ya fara juyawa kaɗan-kaɗan kamar wanda wuyansa ya sage. Ya ɗauka, ya matsa, ya ɗauka. Da ta ga ya ba ta baya sai ta ce ga dama, ta sulale ta gaban taga za ta fice. Ashe shi ma juyinsa ya iso nan.

Suka yi ido huɗu. Wayar ta kusa suɓuce masa.

"Mutum ko aljan?" ya tambaya a hankali.

"Aljani zai roƙe ka ka rufa masa asiri?" ta ce, tana maida mayafin kan ƙusa. "Don Allah kada ka faɗa wa kowa ka gan ni a nan."

"Ban ga kowa ba. Amma kin shigo mini hoto, sai na sake."

Ya dai ƙarasa juyinsa, amma bai samu ya sake ba, don a lokacin suka ji tarin Baba a bakin ƙofar gida. Aka kulle ɗaki, makulli ya koma ƙarƙashin agogo. Kafin ya fita ya karɓi lambarta, wai don ya turo mata hoton. Ku dai kun san irin wannan wai ɗin.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Hoto goma sha biyu na ɗauka. Manhajar tana ɗinke su ne gefe da gefe, kowanne ya ɗan hau kan na baya, har su zama ɗaya mai faɗi. Sharaɗinta ɗaya, kada komai ya motsa. Ke kuma kika motsa."

"To ka yi haƙuri, Mai Juyi."

"Na haƙura, Inuwata."

Ta karanta wannan kalmar ya fi sau goma, ta kife wayar a ƙirji.

Sai dai ya yi kuskure. A kan hanya ya ɗinke hoton, ya duba shi a ƙaramin gilashin waya, ya ga bango ya haɗu da bango, ya tura wa Yaya. Yaya ya tura wa Gwaggo. Gwaggo kuwa cikinta ba ya riƙe ko ruwa, ta kai aka wanke shi dogo kamar tabarma, ta miƙa wa Baba.

Baba ya fara faɗa, wa ya buɗe ɗakin. Sai idonsa ya sauka a kan hoton. Ya ciro ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya in zai duba cikin agogo, ya sunkuya.

A bakin taga, inda hoto ya hau kan hoto, akwai mace. Rabinta ne. Ana ganin labule ta cikin jikinta, ba fuska, ba ƙafa, sai kafaɗa da koren mayafi, ta ɗan karkata kamar mai shirin fita.

"Tana nan," in ji Baba. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. "Dama na sani."

Auta, da ke tsaye a bayansa, ta kawar da kai daga hoton.

Daga ranar Baba ya daina zuwa shago. Ya kafa kujera a ƙofar ɗakin, hoton a cinyarsa. Maƙwabta suna ta kwashe kaya, ana cire ƙofofi da tagogi, layin ya koma kamar bakin tsohuwa. Yaya ya samo musu wani gida a bene hawa na biyu. Baba ya ce su je, shi ba zai bar ta buldoza ta same ta ita kaɗai ba.

Mai Juyi kuwa ya zama ɗan gida. Baba da kansa yake sa a kira shi, ya zaunar da shi kusa, ya ce hannunsa mai albarka ne. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kazar mutane. In zai tafi Auta ta raka shi bakin ƙofa, su tsaya tsakanin tarin bulo.

"Ki faɗa masa, Inuwata."

"Ka ga yadda yake cin abinci yanzu? Shekara biyu ban ga ya cinye kwano ba."

"Na gani. Na kuma ga buldoza ta gama da layin baya."

"Ka ba ni kwana biyu."

Kwana biyun ya zama sati uku.

Akwai wani mai kemis a bakin titi, shi ke kawo wa Baba maganin hawan jini da kansa, da turare kamar an ɓarar da kwalba. Ba don Baba yake wannan wahalar ba, kowa ya san Auta yake so. Da ya ga kujerar da ya saba zama wani ya gaje ta, sai ya ɗauki hoton ya juya shi, ya yi 'yar dariya.

"Baba, wayoyin yanzu ko doki kake so a ɗakin nan za su saka maka. Yaron nan ya ga inda ke maka ciwo ne ya danna, don ya samu shiga."

Baba ya sa aka kira Mai Juyi. Auta na bayan labulen falo tana ji.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Kai ka saka ta?"

"Ban saka kowa ba, Baba."

"To ita ce?"

Agogunan falo goma sha ɗaya suna ta bugawa, kowanne da nasa saurin.

"Ba zan ce ita ce ba."

"To wace ce?"

Auta ta damƙe labulen. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Bai faɗe ta ba.

"Tashi ka bar mini gida," in ji Baba. "Kuma na ji kana tsayawa da 'yata. Wanda ya yi wasa da matata a kabari ba zai riƙe mini 'ya ba."

Kwana huɗu ba saƙo. Auta ta ce shi ke nan, ya gaji da matsoraciya. Ta rame har Gwaggo ta fara yi mata kallon ƙasa-ƙasa. Baba kuwa bai daina zama a ƙofar ɗakin ba. Ya kori yaron, amma hoton na nan a cinyarsa. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

A rana ta biyar wayarta ta yi ƙara sau goma sha uku. Hotuna goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, yadda aka ɗauke su kafin a ɗinke. Sai rubutu.

"Ki duba na bakwai. Na goge nawa, yanzu ke kaɗai ke da su. In kin goge, ba zan taɓa tayar da maganar ba. In kin nuna, ina bakin titi. Ko ta yaya dai, ki fito da shi daga gidan nan, saura gida biyu."

A na bakwai ga ta nan sarai, ido waje, baki buɗe, kamar akuyar da aka kama a rumbu.

Washegari da hantsi ƙasa na girgiza, ƙura na zubowa daga silin. Auta ta ɗaga agogo a gaban idon Baba, ta ɗauki makulli, ta wuce shi ta buɗe ɗakin. Ta yafa mayafin, ta je bakin taga ta tsaya, ta ɗan karkata.

Hoton ya zame daga cinyar Baba.

Ta dawo ta durƙusa, ta miƙa masa wayar. Ya maƙala gilashinsa ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun sati biyu da rasuwarta. Ƙamshinta nake zuwa ji, Baba. Ya ma kusa ƙarewa."

Baba ya cire gilashin ya goge shi da bakin riga, ya sake gogewa.

"Kullum da safe ina leƙawa," ya ce. "Sai in ga mayafin ya sauya rataya. Yau ta dama, gobe ta hagu. Shekara biyu ban faɗa wa kowa ba, kada a ce na taɓu."

"Ka yafe mini."

Ya kama bakin mayafin, ya murza shi tsakanin yatsu.

"Kin kai tsayinta, ban lura ba. Ina ta gadin ɗaki." Ya yi ajiyar zuciya. "Yaron nan ya sani, ya bari na kore shi?"

"Ni na roƙe shi."

"Kira shi. Keken nan nauyi gare shi, ni da ke ba za mu iya ba."

Ko minti biyar ba a yi ba ya iso. Wai yana bakin titi, ni dai na ce a bayan katanga yake. Shi ya ɗauki keken ɗinkin har hawa na biyu, da rabin rigar a ƙarƙashin allura, bai bari ta zame ba. Mai kemis kuwa daga ranar sai ya koma aiko da magani.

Wata huɗu bayan nan aka ɗaura aure. Amarya ta fito da koren mayafi, Baba ne ya yafa mata da hannunsa. Da aka zo hoto ango ya ce shi zai ɗauka, aka yi ta masa tsiya, ango da aiki ranar aurensa. Ya tsaya a tsakiyar falo ya manne gwiwoyin hannu.

"Kowa ya tsaya cak. Gwaggo, har da baki."

"Ja'iri, ka shigo gidan ke nan," in ji Gwaggo.

Baba ya jawo wata kujera kusa da tasa, ya hana kowa zama. Da aka ɗinke hoton ya sa gilashinsa ya duba kujerar, ya duba taga, ya bi bango huɗu. Ba kowa sai waɗanda aka gayyata.

"Ta huta," ya ce. Ya ɗora hannu a kan Auta, ɗaya a kan mijinta. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku daɗe kuna ganin juna."

Aka ce amin.

Tsofaffin hotunan nan goma sha biyu suna wayar Auta har yau. Ba ta cika buɗe su ba. In ta buɗe, ba na bakwai take tsayawa a kai ba, na tara ne. A lokacin ita ta riga ta bar bakin taga, tagar kuma a rufe take, shekara biyu ba a buɗe ta ba. Amma gefen labulen a ɗage yake, daidai tsayin hannu.

Ta taɓa nuna wa mijinta. Ya duba, ya duba, ya miƙa mata wayar.

"Wannan kam ba ɗinki ba ne, Inuwata."

"Na sani," ta ce. Ta gyara mayafinta, ta matso kusa da shi.