Tafin Hannu a Kafaɗarsa

"Kar ki kuskura ki matso kusa da gadon nan!" in ji Umma, surukata, tana nuna ni da yatsa a ɗakin asibiti. "Bai ishe ki ba? Saboda ke fa ya faɗa wuta!"

Na sunkuyar da kai. Tukunyar gas ɗina ce ta kama, mijina ya hankaɗa ni waje, wutar ta cinye masa baya da kafaɗu. Tun ranar, ko gaisuwata Umma ba ta amsawa.

Lafiyayyar fatar da ta rage masa ba ta isa a rufe ciwon ba. Sai likita ta yanki 'yar mitsitsiya a hammatarsa, ba ta fi kan sarkin wasiƙa ba, aka kai ɗakin gwaji ana rainonta kamar jinjira. Sati uku muna jira. Da ta yaɗu, aka shimfiɗa masa ita a kan ƙunar.

"Ta fi ɓawon albasa rashin ƙwari," likita ta ja mana kunne. "Kwana bakwai ba taɓawa! In ta goce ba za ta kama ba, ciwon kuma ya ruɓe. Wanda ya karya doka, shi da ɗakin nan har a sallami mara lafiyar."

A kwana na huɗu, da hantsi, Umma ta fita karɓo magani. Na matsa kusa da gadon, mijina yana kwance rub da ciki, sai ya buɗe ido.

"'Yar Rigima... ke ce? Ba ki ƙone ba?"

"Ko ɗigo, abin ƙaunata..."

"To kukan na mene ne? Kin san muni kike yi."

Ban san sa'ad da na kai hannu na damƙi kafaɗarsa ba, yadda na saba in ya tsokane ni. Na ji bandejin ya zame a ƙarƙashin tafina. Ya ciji leɓe.

Ina waiwayawa, ga Umma tsaye a bakin ƙofa. Ta gani sarai, ta shigo ta ajiye maganin.

Kwana ukun da suka biyo, tsoro ya hana ni sakat. Sau biyu ina tare nas in faɗa mata, sai in fasa. Da jikinsa ya ɗan yi ɗumi sai in ce shi ke nan, na ƙarasa abin da wuta ta fara.

Rana ta bakwai likita ta shiga warware bandejin a hankali. Baya ya kama, ya yi ja-ja gwanin kyau. Kafaɗar hagu ma haka. Da ta zo ta dama sai ta tsaya cak. Wuri guda ya saɓule, faɗin tafin hannu.

"Wa ya taɓa nan?"

Na buɗe baki zan amsa...

"Ni ce," Umma ta riga ni. "Tsufa ne, 'yar nan. Jiri ya ɗebe ni na dafa shi."

"A'a, likita, wallahi n..."

Umma ta take mini ƙafa. Likita ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza kai.

"Allah ya taimake ku bai ruɓe ba, kuma akwai sauran fatar a ajiye. Amma Mama, daga yau ta taga za ki riƙa ganinsa."

A baranda na durƙusa na riƙe ƙafarta.

"Umma, me ya sa? Ɗanki ne fa..."

"Nawa ne mana. Na yi ta zama a kansa ina kiransa, bai tashi buɗe ido da tambaya ba sai taki. In aka kore ki, wa zai buɗe wa ido? Ni ma kullum hannuna ƙaiƙayi yake in dafa shi. Riga ni kawai kika yi. Tashi, 'yata."

Har yau wurin ya fi sauran jikinsa duhu. In Umma ta zo gidanmu sai ya janye wuyan riga ya ce, "Umma, ga aikin surukarki."

Ita kuwa ta harare shi.

"Nawa ne. Je ka tambayi likita."